Kowa suga ne ke kashe shi

Duk wanda ya saba zuwa zaman makoki a cikin Hausawan Makka da Jidda ya san cuta biyu ce kacal aka yarda mutum ya mutu da ita, suga da hawan jini. In an so a ɗan canza sai ace gajeriyar rashin lafiya, ko zazzaɓi ne na kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Mace ta shekara tana tari har ƙasusuwan wuyanta sun fito, kowa a hosh ɗin, wato gidan haya mai ɗakuna da tsakar gida ɗaya, yana jin tarin nan ta bango cikin dare, amma ranar da ta cika in ka tambayi 'ya'yanta sai suce ai sugan nan ne ya tashi mata. Saurayi ya rame ya tsotse, ciki ya kumbura, ido ya koma ruwan ɗorawa, ace hawan jini. Haba jama'a. Wai mu a cikinmu ba mai tarin fuka, ba mai ciwon hanta, ba mai ciwon daji, ba mai farfaɗiya, ita kuwa ƙanjamau ko sunanta ba a kamawa, sai dai a rage murya ace "ciwon nan".

Kuma ni fa ban ga laifin masu ɓoyewar ba. Sun ga abin da aka yi wa waɗanda nasu ya fito fili ne, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Laifin yana wuyan masu lafiya, masu zuwa dubiya da ledar lemo da tuffa su tsaya daga bakin ƙofa suce sannu, su fito su raba labarin gida-gida kafin la'asar.

A nan Makka aka haife ni, kakanninmu ne suka zo ta Sudan a ƙafa tun zamanin da ake shekaru a hanya, don haka Larabcina ya fi na yawancin matan da suka zo daga baya, shi yasa raka mutane mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, da babban asibiti ya zame min kamar sana'a, ni ce tafinta. To wallahi abin da ke ci min rai, in likita ya faɗi sunan ciwo na juya na faɗa wa mai shi da Hausa, ba a fara tambayata ko ana warkewa. Hannuna ake kamawa ace "dan Allah dan Annabi kar ki faɗa wa kowa." Sai mun fito mun tari mota sannan ake tunawa a tambaye ni ko akwai magani. Mutum ya fi tsoron bakinmu a kan abin da ke cin huhunsa, kuma muna nan zaune muna cewa ai mu Hausawa akwai zumunci.

Akwai wata baiwar Allah da muka zauna hosh ɗaya da ita a wajen Shari'u Mansur. Bazawara ce mai 'ya'ya uku, da safe tana aikin shagala, wato aikatau, a wani gida, da yamma ta soya ƙosai a ƙofar hosh. Tari ya kama ta, ga zufa cikin dare, ga rama. Aka sha maganin tari na kemis, aka sha zuma da habbatus sauda, aka sha rubutu da zamzam, har dai ta fara ganin jini. Da aka yi hoton ƙirji aka gwada kaki sai akace tibi ne, wato tarin fuka, aka ɗora ta a magani. Mutum ɗaya tak ta faɗa wa, 'yar ɗakinsu, shi ma don ta ga fitsarinta ya koma ja ne ta firgita, alhali aikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne, rifampicin, haka yake yi wa kowa. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya kai Hindawiyya.

Ƙosai ya daina shiga. Uwar gidan da take wa aiki ta ji a bakin wata shagalar, Bahaushiya 'yar uwarta, ta sallame ta ta waya, ko kuɗin kwanakin da ta yi a watan ba a ba ta ba. Aka hana yara wasa da 'ya'yanta, waɗanda an gwada su lafiyarsu ƙalau. Amma ni maganar kofi ce ta tsaya min. Bayan isha'i mukan shimfiɗa tabarma a tsakar hosh a dafa shayi da na'ana'a, kowa ta ɗauki kofin da hannunta ya kai. Sai wata dattijuwa a cikinmu ta samu jan farce ta ɗiga a gindin kofi ɗaya, wannan shi ne nata, ana kife shi can gefe a kan bulo, ko wajen wanke-wanke ba ya haɗuwa da sauran. Matar nan ta yi wata shida cur tana shan magani ba fashi, likita ya sake gwaji yace ta warke tas, ta murmure har ta fi da, na zo da kaina na faɗa a gaban kowa. Kofi yana nan a kan bulo. Nace, "Goggo, ai likita yace ta warke." Tace, "Ke 'yar nan, irin wannan ciwon kwanciya yake yi ba ya tafiya, likitan ai ba shi zai sha da kofin ba." Daga baya mai ƙosan da kanta ta daina fitowa tabarmar, da hayarta ta ƙare ta kwashe yaranta ta bar unguwar.

Abin haushin, kofin ba ruwansa. Tarin fuka ta iska yake bi, mai shi ya yi tari a ɗakin da ba iska wani ya shaƙa, kuma yawanci sai an daɗe ana tare. Ba ya bin kwano, ba ya bin cokali, ba ya bin musabaha. Lokacin da matar nan ta fi zama haɗari shi ne watannin da take ta tari ba wanda ya san ko menene, ana kwana ɗaki ɗaya da ita na'urar sanyaya ɗaki a kunne ƙofa a rufe taga a toshe da kwali, lokacin kuwa ba wanda ya guje ta, kwano ɗaya ake cin tuwo. Da ta fara magani, wanda in ana shan sa daidai cikin 'yan makonni yaɗuwar ke raguwa sosai, sai lokacin aka tashi gudu.

Tun 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar cutar nan. Maganinta wata shida ne, kala huɗu a wata biyun farko sannan kala biyu a sauran wata huɗun, kuma ana warkewa sarai. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2023 mutum sama da miliyan 10 ne suka kamu, sama da miliyan 1 suka mutu. Jinkiri na cikin abin da ke kashe mutanen nan, kunya kuma na cikin abin da ke kawo jinkirin. Macen da ta ga abin da aka yi wa mai ƙosai, in ita ma tari ya kama ta kana ganin za ta je gwaji? Za ta danne tarin a filo ne ta ci gaba da kwana cikin yaranta da 'yan ɗakinsu. Ko ta fara magani a ɓoye, da ta ji dama-dama bayan wata biyu ta watsar don kar a ga tana zirga-zirgar asibiti, kuma ta nan ake samun mai taurin kan nan da ba ya jin maganin farko. Kaga ƙyamar da ake yi don a tsira ita ce ta ajiye mana ciwon a cikin ɗaki.

Na san abin da wasu za su ce don an sha faɗa min a fuska. Ke kina da igama, takardar izinin zama, kina da tamin, inshorar lafiya, in kin kwanta asibiti za a kai ki, mu fa? Mu shida a ɗaki ɗaya ga jarirai, in ɗaya ta kwanta duk mun kwanta kuma ba mai ciyar da mu. Wannan magana ce ta gaskiya ban raina ta ba. Tun da aka rushe su Karantina da Gulel da Sabil a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, da unguwannin da aka taɓa a nan Makka, mutane suka ƙara cunkushewa, gidan da iyali ɗaya ke ciki yanzu uku ne. Uwar da ta janye jaririnta daga ɗakin mai tari hankali ta yi. A ba mara lafiya gefen taga, ta sa takunkumi a makonnin farko, a buɗe ɗaki iska ta shiga, a kai yaran gidan gwaji, duk wannan kariya ce, ita kanta ta fi kowa son a yi hakan don ba ta son ta shafa wa 'ya'yanta. Amma kariya tana da ranar ƙarewa, kuma da mai ciwon ake shawarar ta. Wadda ba ta ƙarewa ko likita ya sa hannu, ta haɗa har da yaran da aka gwada ba su da komai, ta hana a sayi ƙosan da aka tsamo daga tafasasshen mai, wannan kam wulaƙanci ne kawai.

Ga kuma abubuwan da ya kamata mu ji tsoro ba ma ji. Mai ciwon hanta na B za a hana shi sa hannu a tiren kabsa, alhali ta jini take bi da saduwa da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ba ta bin abinci. Amma mazanmu in sun gama Umra ko ranar layya a Mina, don gudun kuɗin shago sai su tsugunna a gefen hanya wani ya aske mutum biyar da reza ɗaya kowa da ɗan yankansa a ƙeya, duk shekara hukuma na gargaɗi a kan masu askin nan ba a ji. Haka ƙaho a gida da kayan da ba wanda ya san inda suka kwana. Allurar rigakafinta tana nan, cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi wa jariri, to matanmu da ke haihuwa a ɗaki saboda rashin takarda wa ke bin su da wannan zancen? Ba a yin sa a tabarma. Kwano dai, kwano.

Abin da ya sa namu na nan ya fi na gida ciwo shi ne maganar takarda. A Kano ko Damagaram in an ƙyamace ka aƙalla garinku ne ba mai korar ka. Nan kuwa kowa ya san sai an yi wa baƙo gwajin lafiya kafin bizar aiki da igama, ana duba ƙanjamau da ciwon hanta da hoton ƙirji, har tabon tsohon tarin da aka warke tun tuni yana iya sa a buga wa mutum bai dace ba. Ni a ganina hana mutum neman abinci saboda tabon ciwon da ya riga ya warke ba adalci ba ne, amma wannan ba a hannunmu yake ba. Na hannunmu shi ne yadda muka mai da ciwon mutum sandar dukansa. Faɗa ya haɗa mata biyu a kan kuɗin adashe ko a kan miji, sai ki ji ɗaya tace "ki kiyaye ni, na san abin da ke jikinki, waya ɗaya zan buga ki kwana a Shumaisi." Shumaisi kuwa nan ne ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Da kunnena na ji wannan, kuma wadda aka faɗa wa ta ja bakinta ta yi shiru ta bar kuɗinta. Wanda yake ganin in asirin jikinsa ya tonu tarhil, wato kora daga ƙasar, ke jiransa, ta ina zai faɗa wa maƙwabci?

Lokacin korona ai mun ga yadda abin yake in aka cire tsoro. Ranar 30 ga Maris 2020 ministan lafiya na lokacin, Taufiƙ Al-Rabi'a, ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai igama da wanda ba shi da takarda ko ɗaya, kuma ba za a hukunta kowa don ya zo asibiti ba. A daidai kwanakin ne aka rufe unguwannin Makka irin su Misfala da Nakkasa da Hosh Bakar da Ajyad ba shiga ba fita. Hukuma ta gane in mara lafiya yana tsoron fitowa to ba wanda ya tsira, har mai katafaren gida a Awali. To in gwamnati da jawazat ɗinta, wato jami'an shige da fice, da komai ta iya cewa zo a yi maka magani ba ruwanmu da takardarka, mu me ya hana mu ce wa 'yar ɗakinmu faɗi abin da ke damunki ba mai kai ki gaba?

In ka matsa wa mutum da magana sai ya jawo maka hadisi, ai Manzon Allah (SAW) yace ka guji kuturu kamar yadda kake gudun zaki. Hadisin yana nan a Bukhari ba mai musu. Ga kuma labarin Sayyidina Umar da ya juya da mutane daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah za ka yi, yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Duk maganar kariya ce. Amma a wace ruwaya akace a yi da mara lafiya a bayan idonsa, ko a fasa auren ƙanwarsa, ko ace alhaki ne ke bin sa? Annobar nan ta Amwas a shekara ta 18 bayan hijira ita ta ɗauki shi kansa Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Abu Ubaida fa, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ciwo mai yaɗuwa ne ajalinsu kuma ba wanda ya ɓoye, yana nan a rubuce ana karantar da yara. Ita kuturtar ma yanzu wata 6 ko 12 ake shan maganinta a warke, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da shi a duniya.

Mu mazauna Makka baƙaƙen fata akwai labarin da ya kamata ace mun fi kowa haddace shi. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, baƙi ne wuluk, masu tarihi sun ce ido ɗaya gare shi, yana ɗingishi, hannu shanyayye, daga baya ma ya makance gaba ɗaya. Wannan bawan Allah ne ake shela lokacin Hajji cewa kar wanda ya ba da fatawa sai shi, halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya zo da 'ya'yansa ya zauna a gabansa yana tambayar hukuncin aikin Hajji. Shi ne Ibn Abbas yace wa, ba na nuna maka mace 'yar Aljanna ba? Yace nuna min. Yace waccan baƙar matar. Ta zo wajen Annabi (SAW) tace ina faɗuwa, in na faɗi kuma jikina yana buɗewa, ka roƙa min Allah. Yace in kin so ki yi haƙuri Aljanna taki ce, in kin so in roƙi Allah ya ba ki lafiya. Tace zan yi haƙuri, amma ka roƙa min kar in riƙa buɗewa. Ya roƙa mata. Aɗa'u yace ya gan ta da idonsa, Ummu Zufar, doguwar mace baƙa, a jikin rigar Ka'aba. A jikin rigar Ka'aba fa, cikin mutane, ba wanda ya kulle ta a ƙuryar ɗaki. Da bakinta ta faɗi ciwonta, abin da ya dame ta mutuncinta ne, aka kuma tsare mata shi.

To ni kuma ga abin da na gani ina wucewa ta ƙofar wani masallaci a unguwarmu bayan la'asar. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu haka ya yanke jiki ya faɗi yana fizge-fizge, kumfa na fita a bakinsa, kansa na bugun siminti. Manyan maza suka zagaye shi amma kowa baya-baya yake yi, wani na cewa kar ku taɓa yawun, wani ya ciro waya ya kunna ruƙiyya ya miƙo hannu daga nesa, wani ya ciro tasa yana ɗauka. Wani ɗan Bangaladash mai kanti ne ya fito a guje ya naɗe tawul ya tura ƙarƙashin kan yaron ya juya shi gefe. Shikenan fa abin da ake buƙata, a kare kai, a juya shi gefe, kar a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura masa ruwa, in ta wuce minti biyar ba ta sake shi ba a kira motar asibiti a 997. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ko yawun ka taɓa, daga ƙwaƙwalwa take, mutum wajen miliyan 50 ke da ita a duniya kuma kusan 7 cikin 10 in sun samu maganin da ya dace suna iya daina faɗuwa. Ba na hana kowa ruƙiyya, Alƙur'ani waraka ne, amma a yi ta da hannu a kan yaron mana, a kuma kai shi wajen likita. Da ya farfaɗo ya ga ya jiƙa jallabiyarsa ga mutane a kansa sai ya rufe fuska da hannu. Ba a yi wata ba uwarsa ta cire shi daga tahfiz don iyayen sauran yara sun yi magana.

Wajen aure kuwa mace ce ke kwasa. Tun 2004 Saudiyya ta wajabta gwajin jini kafin aure don sikila da talasemiya, wani ciwon jini na gado, a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta na B da C. Su ma suna da sikila sosai a Ƙaɗif da Ahsa da Jazan, ba ciwon baƙar fata kaɗai ba ne yadda wasu ke jefa mana. Abu ne mai kyau, ina ma auren da muke ɗaurawa a ɗaki wajen malam ba takarda shi ma ana masa gwajin, don a Najeriya kaɗai an ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, jinin nan kuwa da shi muka taho. Amma dubi yadda muka karɓi abin. Yarinya AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikilar ta ɓangare ɗaya kawai, lafiyarta lau, sai labari ya bazu wai tana da sikila, masu nema su janye. Alhali AS da AA ba sa haifar mai sikila, AS da AS ne kowane ciki ke da yiwuwar 1 cikin 4. Sai an haɗu biyu, uwa da uba, amma in yaro ya zo da ciwon uwar miji za ta ce mu ba mu da wannan a zuri'armu, ta fara nema wa ɗanta wata. Haka in aka ga ƙanjamau a jinin mace wajen awon ciki, ba mai tambayar mijin da ya auro ya saki ya auro ya saki, ita za a tattara wa kaya.

Taɓin hankali ba sai na ja ba, "a kai shi Shihar" zagi ne a bakin yaranmu, alhali asibitin ƙwaƙwalwa ne a Ɗa'if da ake kai mutum don ya samu sauƙi. Yarinya ta shekara biyu a kulle tana aikatau ba mai yi mata magana da harshenta, ta daina barci ta fara surutu ita kaɗai, sai muce sammu ne daga gida a yi ta mata hayaƙi.

Kuma kar wanda ya ce min tsoron ciwo ne zalla, don na ga yadda tsoron ke gushewa in akwai riyal. Alhaji mai harkar alhazai ya dawo daga asibiti da irin ciwon da aka guji mai ƙosai saboda shi, falonsa cike da 'yan dubiya ana zama gwiwa da gwiwa, sunan ciwon kuwa gajiyar aikin lokacin Hajji. Kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Wanda ake ware wa kofi kullum shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, bazawara, shagala, mai tura keken marasa ƙarfi a Harami, yaron da aka yi wa ubansa tarhil. Mu da muka san zafin a kalle ka a yatsina fuska ace "ya Takruni", sunan da ake jifan baƙaƙen Afirka ta Yamma da shi, mu da aka sha matsawa daga kusa da mu a sahu ko a bas, mu ne kuma muka juyo muna yi wa namu irinta.

Ko taimakon ma da muke yi sai mun haɗa da tonon asiri. A guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, na 'yan gari ɗaya da na mata, in za a tara wa mara lafiya kuɗi sai an ɗauki hotonsa a kwance ba riga da robar fitsari a gefe, da takardar gwajinsa sunansa da lambar igama da sunan ciwo duk a fili, a watsa, kafin dare ya kai Kano ya kai Maraɗi ya kai wajen surukansa. Ace ai in ba a ga hoto ba mutane ba sa bayarwa. To a samu amintattu biyu mana su je su gani da idonsu su shaida, ace wani ɗan uwa na buƙatar kaza, mai niyya ya bayar. Shugabannin al'ummarmu ta nan da dattawan da ke sasanta rigimar aure suna iya sa wannan dokar a guruf gobe in sun ga dama, duk wadda kuma ta yi wa wata barazana da ciwonta a kira ta a zaunar da ita yadda ake zaunar da wadda ta ci kuɗin adashe. Malamanmu masu karatu tsakanin magariba da isha'i, babin dubiya da ake karantawa a wuce dan Allah a tsaya a kansa ko na mako ɗaya ne, a ambaci tarin fuka da farfaɗiya da ciwon hanta a lasifika kowa ya ji, a kira ɗaya daga cikin yaranmu da suka karanci aikin jinya ya zauna kusa da malam ya amsa tambayoyi. Muna da su, samari da 'yan mata, a asibitocin Makka da Jidda suke aiki, kuma da Hausa za su yi bayanin yadda su Goggo za su gane.